Wata biyar babu rubutu a katin awo: abin da korona ta yi mana a Kano

Akwai wani katin awo da har yau in na tuna shi sai in ji wani iri a raina. Na wata yarinya ce a unguwar da nake aiki, ba zan faɗi sunanta ba, mu dai a asibiti 'yar mai awara muke ce mata saboda sana'ar uwarta kenan. In ka buɗe katin za ka ga ɗigo ɗigo na biro suna hawa sama tun daga watan da aka haife ta, Agustan 2019, wata bayan wata, har zuwa Maris na 2020, daga nan sai fili fetal, babu ɗigo babu sa hannu babu kwanan wata, sai a Agusta rubutu ya dawo, kuma ɗigon da ya dawo ɗin ya faɗo ƙasa da inda yake a Maris. Wato yarinyar da ya kamata ta ƙara nauyi a wata biyar, raguwa ta yi. Labarin wannan filin da babu rubutu nake so in bayar, don ni a ganina a nan ɓarnar korona ta fi yawa a wajen yara, kuma ita ce ba a ƙirga ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a bayan ganuwa, irin wanda ɗaki huɗu ne da baranda da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Wanda bai taɓa zuwa ranar awo ba zai ɗauka allura kawai ake yi, alhali allurar ma ita ce ƙarshen layi. Tun ƙarfe bakwai mata sun cika benci, wasu a ƙasa kan tabarma, kowa da katinta a leda. Sai mu rataye sikeli a ƙarfen baranda, a tuɓe yaro a zura shi a wandon awo yana tsala ihu yana harbin iska, a jira allurar sikelin ta tsaya a karanta, a ɗiga a kati. In ya kai wata shida sai a ɗauko ma'aunin dantse, wani ɗan tef ne mai kala uku, a naɗa a tsakiyar dantsen hagu: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5 a fara sa ido, ja kuwa ƙasa da 11.5 tamowa ce mai tsanani ba a jira. A danna bayan ƙafafuwa biyu da babban yatsa a ƙirga uku a ɗaga, in rami ya zauna to kumburi ne. A ɗaga fatar ido a ga ko akwai jini, a duba tafin hannu, jariri a duba cibiya da idonsa ko shawara ta kama shi, a tambayi uwa yana zama? yana rarrafe? yana juyowa in an kira shi? Duk wannan bai fi minti uku huɗu ba a kan kowane yaro, amma wallahi a cikin minti ukun nan ake tsinto yaran da iyayensu za su rantse maka lafiyarsu ƙalau.

Kuma a nan matsalar take. Mai zazzaɓi ko mai jijjiga ko ana harbi a titi sai uwarsa ta fito da shi. Shi kuwa awo na yaron da yake wasa ne, yana dariya, yana shan nono, ba wanda yake ganin komai a jikinsa. Don haka ranar da aka ce kowa ya zauna a gida sai mai larura ta gaggawa, to awo shi ne farkon abin da aka ajiye, kuma ba wanda ya ji ya yi laifi, har mu ma'aikatan.

Yadda abin ya zo dai kowa ya sani. An samu mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, mu a nan muna ta raha wai cutar masu hawa jirgi ce kuma zafin Kano ba zai bar ta ba. Ƙarshen Maris aka rufe makarantu, 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko a Kano, daren Alhamis 16 ga wata Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle ta mako guda, azumi ya kama 24 ga wata muna ciki, 27 ga wata kuma Shugaba Buhari ya fito ya ce an rufe Kano ruf na mako biyu, aka yi ta ƙarawa. A tsakanin nan ne aka yi ta mace-macen nan na dattawa, kullum sai ka ji an ce wane ya rasu, farfesa wane ya rasu, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Daga baya a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 aka lissafa a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadi. Ba a ɗage kullen gaba ɗaya ba sai 2 ga Yuli.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a rufe mu ba fa. A takarda asibiti a buɗe yake, rigakafin yau da kullum ba a ce a daina ba, muna da katin shaida muna wuce shingen jami'an tsaro. Amma buɗe ƙofa daban, zuwan mutane daban. Babu adaidaita a titi, matar da gidanta ke da nisa sai dai ta goyo yaro ta tako a ƙafa cikin ranar Afrilu da azumi a bakinta, ga kotun tafi-da-gidanka ana cin tara, in an tare ta a hanya me za ta ce? Yaron ba shi da lafiya? Ga shi nan yana wangale baki yana dariya. Da aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awoyi, kowa kasuwa ya nufa neman abin da za a dafa, wa zai ɓata wannan 'yar damar a layin awo.

Tsoron kuma ya fi rashin abin hawa ƙarfi, kuma ta kowane ɓangare ne. Mata suna tsoron in yaro ya zo da ɗumin jiki ko tari a ce korona ce a kwashe su zuwa Kwanar Dawaki a killace, unguwa ta ɗauka. Wata ta ce min ƙiri ƙiri, "Malama ni fa bindigar nan taku ta goshi nake tsoro, an ce in ta yi ƙara shikenan an tafi da mutum." Mu ma muna tsoronsu, gaskiya ce, don likitoci da nas nas da yawa sun kamu a manyan asibitocin garin nan, mu kuma a makonnin farko takunkumi ɗaya sai ka wanke ka maimaita, safar hannu a ƙirge take. Awo kuwa ba a yin sa daga nesa. Dole ka rungumi yaro, numfashin uwa a fuskarka, wando ɗaya ake zura yara hamsin, tef ɗaya ake naɗa wa kowa. Sai muka fara abin da har yanzu nake jin kunyarsa: wadda ta zo a yi wa yaron allura kawai a sallame ta, sikeli yana rataye ba a taɓa shi, a kati wajen nauyi a ja ɗan layi. Ba wanda ya ba mu wannan umarnin, mu muka ga hakan ya fi mana kwanciyar hankali.

Sai ga jita jita ta zo ta ƙara wa borno dawaki. A farkon Afrilu wasu likitoci biyu a wani gidan talabijin na Faransa suka yi maganar a gwada allurar BCG a Afirka a ga ko tana maganin korona, bidiyon ya zagaye WhatsApp da fassara iri iri, kowa da ƙarin gishirinsa. To BCG ɗin nan ita ce fa allurar da muke yi wa jariri a kafaɗa tun shekaru aru aru don tarin fuka, ita ce mai barin tabo. Ka je ka yi wa mai jego bayani cewa wannan ba waccan maganar ba ce. Kuma Kano ce, garin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau na 1996, garin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har sai 2004, ba ka isa ka ce wa mutane tsoronsu ba shi da tushe ba, sai dai ka lallaɓa. Akwai magidantan da suka ce ba mai fita musu da jariri sai ƙura ta lafa, kuma maganar maigida ita ce magana.

Wannan duk na cikin asibiti ne. Babban gibin a waje yake, don mu a Arewa yawancin yara ba su suke zuwa wajenmu ba, mu muke zuwa wajensu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa bai ma kai kashi 20 ba, sauran duk a ɗaki ne da unguwarzoma. To wa yake ganin waɗannan jariran? Matan nan masu shuɗin hijabi da UNICEF ke tallafa wa, masu bin gida gida, su suke sanin wacce ta haihu, su je ranar suna da ɗigon foliyo, su ce a kai shi asibiti. Da masu zagayen foliyo, waɗanda ban da ɗigo suna tambaya ko akwai yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, in an samu a ɗauki bahayarsa sau biyu a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Da makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, wajen Mayu da Nuwamba, inda ake ɗiga sinadarin bitamin A, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, a ba da maganin tsutsar ciki, a auna dantse. A ƙarshen Maris hukumomin duniya suka ba da shawarar a dakatar da gangamin rigakafi na gida gida, ma'aikatan foliyo aka juya su zuwa bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu korona, don su ne suka san lungu da saƙo, taron suna ya zama na 'yan gida kawai, lokacin zagayen Mayu kuma ya faɗo tsakiyar kulle. Duk idanun da ke kallon yaran unguwa sai suka rufe lokaci guda.

Ga wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ƙarshen kowane wata muna cike fom mu aika ƙaramar hukuma, yara nawa aka auna, nawa aka samu a ja, nawa aka tura gaba. A Afrilu da Mayu gurbin masu tamowa kusan fanko muka aika. Wanda ke zaune a ofis in bai lura da gurbin farko ba sai ya ce alhamdulillahi tamowa ta ragu, alhali a watannin ne mudun masara da gero suka yi tashin gwauron zabi kuma magidanta suna zaune a gida ba ko sisi. Korona kullum da daddare hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na fitar da alƙalumanta jiha jiha, muna jira kamar sakamakon ƙwallo. Yaron da ba a auna ba kuwa ba shi da allo, ba ya cikin masu lafiya ba ya cikin marasa lafiya.

Mu koma kan 'yar mai awara. Uwarta a bakin wata firamare take suya, babanta ɗan adaidaita ne kuma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. Ka ga rufe makaranta ya kashe kaskon uwa, kulle ya ajiye mashin ɗin uba, gida mai mutum bakwai ya koma cin abin da aka samu. A Maris da na auna ta tana wata bakwai, kore shar, har na yi wa uwar bayanin kunun da za ta fara ba ta, a sa gyaɗa a sa waken suya tunda ma tana da shi a gida, ɗan manja, in an samu ƙwai. Na ce ta dawo Afrilu awo, Mayu kuma allurar ƙyanda ta wata tara. Ba ta dawo ba, ni ma ban neme ta ba, a da in mace ta yi fashi biyu muna duba rajista mu tura a bi ta gida, a lokacin nan ba mai bin kowa.

Abin da ya faru a gidan daga baya uwar ta ba ni labari. Waken suya jari ne, da jari ya karye shi ma ya ƙare, kunu ya koma tsurar gasara da ɗan sukari in akwai. Wajen ƙaramar salla ta gane tana da ciki, kwanika kenan, kakar yarinyar ta ce nonon ya ɓaci a cire ta, aka yaye ta rana ɗaya tana wata tara aka kai ta ɗakin kaka. Damina ta sauka gudawa ta fara, aka ce haƙori ne, aka sayo maganin haƙori a kemis, ta tsaya ta dawo ta tsaya ta dawo. Yarinya ta daina rarrafe ta koma zama wuri ɗaya, ba ta kuka sosai, aka ce ai ta yi haƙuri, yaye ya karɓe ta. Sai ƙafafuwa da kumatu suka fara cika, kakar har murna take wai jikar ta fara murmurewa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, wanda yake ganin yaro kullum ba ya ganin ramarsa, kuma kumburin tamowa in ba an nuna maka ba ƙiba za ka ce. Aikin sikeli da tef kenan, su ba sa sabawa da yaro.

Waɗanda suka tsinto ta masu rabon maganin zazzaɓin damina ne. Wannan shirin, da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani duk wata daga Yuli zuwa Oktoba, shi Allah ya sa ba a dakatar ba a 2020, sai aka canza salo, ma'aikaci ya tsaya daga nesa da takunkumi ya ajiye maganin uwa ta ɗauka ta ba yaron da hannunta yana kallo. A zagayen Agusta wata daga cikinsu, tsohuwar hannu ce ta daɗe tana foliyo, ta hango yarinyar a kan tabarma ta ga gashin ya yi ja ya yi laushi kamar na masara, ta ce wa uwar "Maman yara wannan ba ta shan maganin nan ba ce, ki kai ta asibiti yau ba gobe ba." Da ta shigo ban gane ta ba sai da na ga katin. Na naɗa tef, ja, na sake naɗawa ko na matse da yawa, ja dai. Na danna ƙafa, yatsana ya bar rami biyu kamar a cikin ƙullin fulawa. Fatar cinyarta ta fara saɓulewa. Na ba ta abincin tamowa na leda ta ɗanɗana don mu ga ko tana da sha'awar ci, ta kawar da kai. Kumburi ga ƙin ci, wannan ya wuce a ba da leda a koma gida, sai kwanciya.

Uwar ta ce "Malama wai yunwa ce? Wallahi muna ba ta abinci." Wannan tambayar ba ta da daɗin amsawa, don kalmar tamowa a wajen uwa kamar zagi ce. Na ce mata ba rashin kula ba ne, ciki yana cika amma jiki ba ya samun abin gini, gudawa kuma tana kwashe ɗan abin da ya shiga. Muka rubuta takarda zuwa babban asibiti, ta yi kusan mako biyu a kwance, da madarar nan ta musamman da ake farawa da ita kaɗan kaɗan don in aka ɗura wa irin waɗannan yaran abinci mai nauyi lokaci guda zuciya ba ta ɗauka, sai da kumburin ya sauka sannan ainihin ramar ta fito, uwar ta ce ranar ce ta fi yin kuka. Daga nan aka koma leda, kowace ɗaya giram 92 ce, gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai, ana karɓa a wata cibiya da ba tamu ba don mu ba mu da shi. A da duk mako ake zuwa, lokacin korona aka koma ba da na mako biyu ko fiye don rage cunkoso, wanda ya sauƙaƙa kuɗin mota amma kuma a gidan da yara biyar ke jin yunwa ka san ledar nan ba baki ɗaya take shiga ba. Allurar ƙyandarta ta wata tara sai da ta haura shekara aka yi.

Da awo yana tafiya yadda ya saba, a Mayu zan ga ɗigon ya kwanta bai hau ba, in tambaya in ji labarin yaye, in ce a mayar da ita nono don ciki ba ya ɓata nono, in ba da gishirin gudawa da zinc. A Yuni in ta shiga ruwan ɗorawa mu san abin yi. Abin da zai ƙare a hira ta minti biyar a baranda shi ya zama gadon asibiti da bashin da uban ya daɗe yana biya. Kuma masana sun hango haka tun ana cikin kullen, ba wai daga baya aka yi wayo ba. Masu bincike a makarantar nazarin cututtuka ta Landan sun yi lissafi a 2020 cewa a Afirka, duk mutum ɗaya da zai iya mutuwa saboda ya ɗauko korona a wajen kai yaro rigakafi, akwai yara 84 da ci gaba da rigakafin zai tsare daga mutuwa. Na Jami'ar Johns Hopkins kuma suka ce in abin ya yi muni sosai za a iya samun ƙarin mutuwar yara sama da miliyan ɗaya a wata shida a ƙasashe 118. Mu da muke baranda ba mu ga waɗannan takardun ba a lokacin, abin da ke shigo mana waya hoton gawarwakin Italiya ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin wannan matsalar yana nan kusa da mu, a Damagaram. Tun wajen 2013 zuwa 2014 ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar BEFEN suka yi wani gwaji a gundumar Mirya, suka koya wa iyaye mata sama da 12,000 yadda ake naɗa tef da danna ƙafa, aka bar musu tef ɗin a gida. Sakamakon ya nuna matan nan, da yawansu ko boko ba su yi ba, ba su gaza ma'aikatan sa kai ba wajen gano tamowa, kuma yaran da iyayensu suka gano suna zuwa da wuri, kaɗan ne ke kai wa ga kwanciya. Kala ce fa kawai, wa bai san ja da kore ba. Da korona ta zo UNICEF da sauran ƙungiyoyi suka ce a koma wannan tsarin ko'ina tunda ma'aikaci ba ya iya taɓa yaro, ya yaɗu a wurare da dama musamman inda ƙungiyoyin agaji suke da ƙarfi irin Borno. Mu a namu asibitin sai can bayan an buɗe gari tef ɗin rabo ya iso. Wasu abokan aikina ba su so ba ma, wai mata za su riƙa matse tef don a ba su leda. Ana yi, ban musa ba, na kama guda biyu da kaina, amma ai in ta zo muna sake aunawa, kuma macen da ta tako har asibiti don ledar gyaɗa gidanta ma abin dubawa ne.

Ranar 25 ga Agustan 2020, kwanaki kaɗan bayan an kwantar da yarinyar nan, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, muka yi murna don mun sha rana a kan wannan aikin. Shekara na zagayowa, 2021, Najeriya ta samu sama da yara 400 da ɗaya nau'in ya shanye, wanda ke rikiɗewa yana yawo a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, alhali a 2020 ba su kai goma ba. A duniya baki ɗaya WHO da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ne ba su samu cikakken rigakafin yau da kullum ba a 2020, miliyan 25 a 2021. Sai ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi, cutar da ni a makaranta kawai na karanta ta, allurar nan ta penta ta sati 6 da 10 da 14 ita ke tare ta. Amma ba zan ɗora wa korona duka ba, don da yawan yaran da mashaƙo ya kama 'yan shekara bakwai ne, goma, sha biyu, an haife su tun kafin a san wata korona, ba a yi musu allurar ba tun can. Dama katangar a tsage take. Ko kafin 2020 yara uku cikin goma ne kawai a ƙasar nan suke kammala rigakafinsu, kuma fiye da rabin yaran yankinmu sun tsumbure.

Waɗanda na fi tunani ma su ne jariran da aka haifa daga Afrilu zuwa Yuni na shekarar, don su ko katin ba a buɗe musu ba balle a ga fili a ciki. Jaririn da shawara ta kama a satin farko in ba a gani ba aka bar ta ta hau kai, ba a dawo da wannan, sai ya girma a ga wuya ba ya tsayawa ko ba ya ji. Na uwa mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ana ɗiga jininsa a takarda a sati shida a aika gwaji, wasu ba su dawo ba sai da yaron ya fara ciwo. Sikila kuwa dama mu ba a gwada jarirai a irin asibitinmu, sai yaro ya zo da kumburin yatsu wajen wata shida zuwa shekara muke zargi mu tura gwaji, to waɗannan ma sun yi ta kumburinsu a gida ana shafa man zafi. Bayan an buɗe gari mun yi ta bin gida gida muna neman su, wasu mun samu, wasu sun tashi daga unguwar saboda kuɗin haya, wasu an ce mana sun koma, a yi haƙuri.

'Yar mai awara tana nan da ranta, ta shiga firamare, a makarantar da uwarta ta koma suya. Gajeriya ce, ƙaninta da aka yi kwanikarsa ya kusa kamo ta a tsawo, in sun jero sai ka ce tagwaye. Kwanaki uwar ta kawo na bayansu awo, ta ciro katinsa daga leda sai na ga tef ɗin da muka ba ta a naɗe a ciki, duk ya koɗe lambobin sun goge saura kalar. Ta ce har maƙwabta suna aiko mata yara ta auna musu, ran nan ma ta tura wata wajenmu, "kin gan ta kuwa Malama, mai ɗan yaron nan mai jan gashi?" Na duba rajista, ba ta zo ba. Na ce in an tashi ta raka ni gidan.